Taron Jin Ra'ayin Jama'a ta Hanyar Intanet: Nazari a Kan Amurka da Birtaniya

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda hukumomin gwamnati suke amfani da taron da ake yi ta hanyar intanet wajen isar da saƙo ga jama'a, da kuma jin ta bakinsu kafin a zartar da abin da ya shafe su. Za mu fi karkata ga ƙasar Amurka, domin a can an daɗe ana jibge dokoki a kan wannan al'amari, kuma masana sun samu damar ƙididdige sakamakonsa. Sa'an nan za mu ɗan leƙa Birtaniya, inda wata shari'a ta tilasta wa alƙalai suka zauna suna warware ma'anar kalmar "taro" ita kanta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan sunaye. Taron da kowa da kowa ya halarta daga inda yake, ta kwamfuta ko wayar salula, ba tare da an haɗu a zaure ɗaya ba, shi za mu kira taron intanet. Wanda kuwa wasu suka hallara a zaure, wasu kuma suka shigo daga nesa, ana jin juna ana ganin juna a lokaci guda, shi za mu kira taron gauraye. Akwai masu son a ce masa taron gamin-gambiza, amma wannan kalma tana ɗauke da ɗan zargi, kamar dai an haɗa abubuwan da ba su dace da juna ba, alhali kuwa dacewar ko rashinta ita ce tambayar da muke son mu bincika.

Tushen al'amarin a doka

Mai karatu zai yi kuskure idan ya ɗauka cewa hukumomin Amurka suna kiran taron jama'a ne don kirki kawai. Doka ce ta ɗora musu. Tun 1946 majalisar dokokin tarayya ta kafa dokar tsarin gudanar da ayyukan hukumomi, wadda ta ce duk ma'aikatar da za ta fito da sabuwar ƙa'ida sai ta sanar da jama'a tukuna, ta kuma ba su damar faɗin ra'ayinsu. A farkon 1970 aka sa hannu a kan dokar kare muhalli, wadda ta sa ya zama al'ada a kira mutanen yanki a saurare su kafin a gina babbar hanya ko madatsar ruwa. A 1976 kuma aka yi wata doka da suke wa laƙabi da dokar mulki a hasken rana, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya masu shugabanni da yawa su riƙa zamansu a bainar jama'a. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da tata dokar mai kama da wannan.

Wadda ta fi shahara a cikin dokokin jihohi ita ce ta Kalifoniya, watau Dokar Brown ta 1953, wadda ta ci sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Ralph M. Brown. Ta biyo bayan wasu rahotanni da jaridar San Francisco Chronicle ta buga a 1952, inda aka tona yadda ƙananan hukumomi suke yanke shawara a ɓoye, sa'an nan su fito zaure su yi kamar yanzu ake tattaunawa. Dokar, bayan gyare-gyaren da aka yi mata cikin shekaru, ta ce a liƙa jerin abubuwan da za a tattauna awa 72 kafin zama na yau da kullum, a buɗe ƙofa ga kowa, a kuma bar mutane su yi magana. Ta yarda ɗan majalisa ya shiga zama daga nesa, amma da sharuɗɗa masu tsauri: sai an rubuta adireshin inda zai zauna a cikin sanarwa, an liƙa sanarwar a wurin, an kuma bar duk wanda ya so ya shiga wurin. Ke nan idan kansila ya ce daga falon gidansa zai yi magana, to falon ya zama zauren jama'a a wannan daren. Ba abin mamaki ba ne da ba kowa ya yi sha'awar wannan dama ba.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan dokoki an gina su ne a kan zaton cewa taro yana da wuri, wurin yana da ƙofa, kuma aikin doka shi ne ta hana a rufe ƙofar. Wannan zato ne annobar korona ta zo ta girgiza.

Shekarar 2020

Ba annoba ce ta ƙirƙiro taron intanet ba. Tun 2019 hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka take ƙarfafa wa ma'aikatun sufuri na jihohi gwiwa su riƙa amfani da intanet wajen tuntuɓar jama'a. Amma kafin 2020 abin ƙari ne kawai, kamar gishiri a miya. Asalin taron yana zaure. A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kashegari, 12 ga wata, gwamnan jihar Masacusat, Charlie Baker, ya jingine wasu sassa na dokar buɗaɗɗen taro ta jiharsa. A ranar 17 ga wata gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya ba da umurnin da ya ɗage sharuɗɗan nan na Dokar Brown da muka ambata. Cikin 'yan makonni, majalisun garuruwa da hukumomin makarantu da kwamitocin tsara birane suka koma Zoom da Microsoft Teams da Webex. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta manhajarsa a kowace rana sun tashi daga kimanin miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020.

Yadda ake gudanar da shi

Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake a aikace, domin a ƙananan abubuwan nan ne ake gane ko an saurari mutum ko an yi masa wasa da hankali. Hukuma takan fitar da sanarwa mai ɗauke da mahaɗin shiga da kuma lambar tarho, saboda wanda ba shi da intanet. Yawancin hukumomi ba sa amfani da tsarin da kowa ke ganin kowa; sukan zaɓi tsarin lacca, inda jami'ai kaɗai ke bayyana a allo, jama'a kuwa suna can a bayan fage da makirufonsu a rufe. Idan lokacin jin ra'ayi ya zo, mai son magana sai ya danna alamar ɗaga hannu. Wanda ya shigo ta tarho a Zoom sai ya danna tauraro da 9 don ya ɗaga hannu, tauraro da 6 don ya buɗe bakinsa. Magatakarda ya kira suna, a ba mutum minti biyu ko uku, agogo yana gudu a allo, lokaci na cika a rufe makirufo. A manyan tarurruka akan tanadi tafinta a wata kafa ta dabam, wanda mai sauraro zai zaɓa da kansa, da mai fassara da hannu saboda kurame, da rubutun abin da ake faɗa yana gudana a ƙasan allo. Bayan an tashi, akan ajiye hoton taron ga wanda bai samu halarta ba.

Akwai wasu hanyoyin da ake haɗawa da wannan. Ɗaya ita ce taron tarho, inda na'ura ke buga wa dubban mutanen yanki waya a lokaci ɗaya, duk wanda ya ɗauka bai kashe ba ya shiga taro ke nan. Wata kuma ita ce baje-kolin intanet, inda ake shirya shafi mai taswirori da zane-zane da ɗan fim na bayani, a bar shi buɗe mako biyu ko wata guda, mutum ya shiga lokacin da ya ga dama ya bar ra'ayinsa a rubuce. Sai kuma watsa zaman kai tsaye ta YouTube ko Facebook. Wannan na ƙarshe, a gaskiya, bai wuce shela ba: hukuma tana magana, jama'a suna kallo. Hukumar da ta tsaya a nan ta ce ta yi taron jin ra'ayi, ta faɗi abin da ba ta yi ba.

Taron gauraye ya fi duk waɗannan wahalar shiryawa da tsada. Dole zauren ya samu makirufo a gaban kowane mai magana, domin duk maganar da aka yi ba a bakin makirufo ba, ta ɓace wa na nesa. Dole a samu kyamara mai juyawa, da allon da na zaure za su ga na nesa, da ma'aikaci aƙalla ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kula da masu ɗaga hannu a intanet. Sa'an nan shugaban taro yana da layi biyu a gabansa. Idan ya ce sai na zaure sun gama kafin a waiwayi na nesa, to na nesa za su yi magana ne dare ya raba, kansiloli sun gaji, wataƙila ma kowa ya riga ya tsai da ra'ayinsa. Shi ya sa wasu majalisu suke karɓa-karɓa, ɗaya daga zaure ɗaya daga intanet. Duk da haka akwai abin da na'ura ba ta iya rabawa daidai. Wanda ya zo zaure yakan tari kansila a bakin ƙofa kafin a fara, ya gaisa da injiniya bayan an tashi, ya ga maƙwabtansa da suka zo da irin kukansa su ƙulla shawara. Haka nan mutum ɗari da suka cika zaure suna da kwarjinin da sunaye ɗari a gefen allo ba su da shi, musamman tun da a tsarin lacca jama'a ba sa ma ganin yawan junansu.

Wa ya shigo, wa aka bari a waje?

Hujjar masu goyon bayan taron intanet mai ƙarfi ce. Taron majalisar gari a Amurka yawanci da yamma ake yinsa a ranar aiki, kuma yakan ɗauki sa'o'i kafin a zo kan abin da ya kawo mutum. Mace mai goyo, da ma'aikacin dare, da gurgu, da wanda ba shi da mota, da manomin da ke nesa da hedikwata, duk wannan tsari ya daɗe da sallamarsu. Yanzu kuwa mutum na iya barin wayarsa a kunne yana dafa abinci, a kira sunansa ya yi maganarsa ta minti biyu ya koma aikinsa. Hukumomi da dama sun ba da labarin ƙaruwar masu halarta, kuma ƙungiyoyin naƙasassu suna cikin waɗanda suka fi dagewa kada a koma gidan jiya.

Amma yawan masu halarta abu ne dabam, ko su wane ne kuma abu ne dabam. A nan ne binciken wasu malaman kimiyyar siyasa na Jami'ar Bostan, Katherine Levine Einstein da David Glick da Maxwell Palmer, yake da muhimmanci. Tun kafin annoba sun bi diddigin rubutattun bayanan zaman kwamitocin tsara gari a garuruwa 97 na kewayen Bostan, daga 2015 zuwa 2017, suka ɗauki sunayen waɗanda suka yi magana a kan gina sababbin gidaje, suka gwada da rajistar masu zaɓe da ta masu mallakar gidaje. Suka tarar masu maganar sun fi sauran jama'a shekaru, yawancinsu masu gidan kansu ne, kuma farar fata sun rinjaya fiye da kasonsu a cikin al'umma. Kusan kashi biyu cikin uku na maganganun adawa ce da ginin, masu goyon baya kuwa ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Wannan bincike shi ne ƙashin bayan littafinsu mai suna Neighborhood Defenders. Da aka koma Zoom a 2020, sai suka sake yin irin wannan ƙidaya a garuruwan nan, tare da Luisa Godinez Puig. Abin da suka samu shi ne kusan babu abin da ya sauya: irin mutanen da suka mamaye zaure su ne suka mamaye allo, kuma adawa da gina gidaje tana nan yadda take.

A ganinmu wannan sakamako ya fi duk wani abu da aka faɗa a kan batun nan nauyi, domin ya nuna cewa nisan zaure ba shi ne babban shinge ba. Mutum ba ya zuwa taron da bai ji labarinsa ba, ko wanda bai fahimci harshen takardunsa ba, ko wanda ya tabbata a ransa cewa maganarsa ba za ta sauya kome ba. Mai gidan da ke tsoron bene mai hawa biyar zai tsaya a gefen gidansa ya san ranar taro, ya san lambar fili, yana da lauya ko ya san mai lauya. Ɗan hayar da zai amfana da benen nan gaba bai ma san ana yi ba, wataƙila ma ba a garin yake zaune ba tukuna. Ba shi mahaɗin Zoom bai warware ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai adalci ya sa a ce binciken ya shafi yanki ɗaya ne da batu ɗaya, a watannin farko na annoba, lokacin da hukumomi suke fafutukar kada aiki ya tsaya, ba su kai ga tunanin jawo sababbin fuskoki ba.

Sa'an nan akwai waɗanda sabon tsarin ya rufe wa ƙofa ɗungurungum. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na manyan Amurkawa ne suke da intanet mai ƙarfi a gida, kashi 15 kuma da wayar hannu kaɗai suka dogara. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na yankin Cako a jihar Niyu Meziko, inda akwai kufan gine-ginen kakannin ƙabilun Fuwebulo, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987. A watan Mayu 2020 hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta shirya tarurrukan intanet don jin ra'ayi a kan wani tsari da zai shafi haƙar mai da iskar gas a kewayen wurin. A daidai wannan lokaci ƙasar ƙabilar Nabaho tana cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna a duk Amurka in aka dubi yawan jama'a, kuma gidaje da yawa a can ba su da intanet, wasu ma ba su da wutar lantarki. Shugabannin ƙabilu da 'yan majalisar jihar a tarayya suka yi ca, suka ce wannan ba tuntuɓa ba ce. Daga bisani ministan cikin gida na lokacin, David Bernhardt, ya ƙara kwana 120 a kan wa'adin karɓar ra'ayi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Cako an kira taro a kan ɗakin, ta hanyar da mai ɗakin ba ya iya shiga.

Gwamnatin tarayya ta yi ƙoƙarin rage wannan giɓi da wani shiri na tallafi da aka kafa a 2021, wanda ke rage wa gidan mai ƙaramin ƙarfi dala 30 a wata daga kuɗin intanet. Gidaje fiye da miliyan 23 suka shiga, amma kuɗin ya ƙare, shirin ya tsaya a tsakiyar 2024. Ta fuskar harshe ma an samu sauyi: umurnin da Shugaba Clinton ya bayar a 2000, wanda ya sa hukumomin tarayya su tanadi hanyar da marasa jin Turanci sosai za su amfana da ayyukansu, Shugaba Trump ya soke shi a Maris 2025.

Baƙin da ba a gayyata ba

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun ranar 30 ga Maris 2020 ofishin hukumar FBI na Bostan ya yi gargaɗi a kan masu kutsawa cikin tarurrukan Zoom suna watsa hotunan batsa da kalaman ƙiyayya. Wannan nau'in kutse an shawo kansa da sauƙi, ta hanyar kalmar sirri da ɗakin jira da hana baƙo nuna allonsa. Wanda ya fi wuya shi ne na 2023, lokacin da wasu gungun mutane suka riƙa bin tarurrukan majalisun garuruwa, musamman a Kalifoniya, suna shiga layi kamar kowa da sunayen ƙarya, in an ba su dama sai su ɓarke da zagin Yahudawa da baƙar fata. Matsalar ita ce tsarin mulkin Amurka ya ba 'yancin magana kariya mai faɗi ƙwarai, kuma hukuma ba ta da ikon katse mutum don kawai abin da ya faɗa abin ƙyama ne. A zaure kunyar ido takan hana mutum abubuwa da yawa, domin maƙwabtansa suna kallonsa. Wanda ke magana daga wata jiha da sunan aro ba shi da wannan takunkumi. Garuruwa da dama suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su rufe kafar gaba ɗaya. A Oktoba 2023 majalisar birnin San Faransisko ta kaɗa ƙuri'ar daina karɓar ra'ayi daga nesa, in ban da naƙasassun da suka nemi alfarma. Ta haka laifin 'yan kaɗan ya shafi mai goyo da ma'aikacin dare da aka ce don su aka buɗe kafar.

Wani abin da ke da dangantaka da wannan shi ne tabbatar da cewa mai magana mutum ne na gaske. A 2017 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta karɓi ra'ayoyi a rubuce fiye da miliyan 22 a kan wata ƙa'ida ta intanet. A 2021 ofishin babbar lauyar jihar Niyu Yok, Letitia James, ya ba da rahoton cewa kusan miliyan 18 daga ciki na jabu ne. Wannan a rubutu ya faru, amma yanzu da na'ura take iya kwaikwayon muryar mutum, babu dalilin zaton taron murya zai tsira.

Shari'ar kalmar "taro"

A Ingila majalisar dokoki ta yi dokar korona a Maris 2020, wadda a ƙarƙashinta aka ba ƙananan hukumomi izinin zama ta intanet daga Afrilu 2020 zuwa 6 ga Mayu 2021. A cikin wannan tsakani ne hoton zaman majalisar wani ƙaramin gari mai suna Handforth, inda kansiloli suka yi ta hayaniya har mai kula da taron, Jackie Weaver, ta fitar da shugaban daga Zoom, ya bazu a duniya a Fabrairu 2021. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa sanin akwai irin wannan majalisa ba suka kalla. Da wa'adi ya matso, gwamnati ta ce ba ta da lokacin yin sabuwar doka. Sai majalisar gundumar Hertfordshire da ƙungiyoyi biyu na ma'aikatan ƙananan hukumomi suka garzaya babbar kotu, suna neman ta bayyana cewa tsohuwar dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta riga ta wadatar, tun da ba ta ce dole taro ya zama na gaba da gaba ba.

A ranar 28 ga Afrilu 2021 kotu ta ƙi. Hukuncinta shi ne, a ma'anar waccan doka, taro yana faruwa ne a wuri ɗaya takamaimai, halarta tana nufin mutum ya je wurin da jikinsa, kuma sauya wannan aikin majalisar dokoki ne. Ɗalibin ilimin ma'ana zai ga abin sha'awa a nan. Masu ƙara suna cewa ma'anar kalma tana tafiya da zamani. Alƙalai ba su musanta haka gaba ɗaya ba, amma suka dubi sauran kalmomin da ke kewaye da ita a cikin dokar, irin su "wuri" da "kasancewa", suka kuma lura cewa da tsohuwar doka ta wadatar, da majalisa ba ta wahalar da kanta da yin ta 2020 ba. Abin ban mamaki shi ne a cikin ƙasar Birtaniya ɗaya, Sikotlan ta halatta zama daga nesa tun dokar 2003, Wels kuwa a dokarta ta 2021 ta wajabta wa majalisu su tanadi hanyar halarta daga nesa. A ƙarshen 2024 gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a a kan batun dangane da Ingila, a 2025 kuma ta bayyana niyyarta ta kawo dokar da za ta ba da izini.

Inda aka dosa

Tun 1969 wata masaniya Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar jama'a cikin harkar mulki da tsani mai matakai takwas. Sanar da mutane da tambayar ra'ayinsu ta ajiye su a tsakiyar tsanin, cikin abin da ta ɗauka shiga ce ta jeka-na-yi-ka, muddin babu tabbacin cewa abin da aka faɗa zai yi tasiri. In aka auna da wannan ma'auni, taron intanet ya faɗaɗa matakan tsakiya ƙwarai, bai kuwa ɗaga kowa zuwa na sama ba. Har ma yana iya sauƙaƙa wa jami'in da ba ya son a dame shi, domin rufe makirufo ya fi fitar da mutum daga zaure sauƙi, kuma wanda ya kashe kyamararsa babu mai sanin ko yana sauraro.

Duk da haka dokoki sun fi karkata ga taron gauraye. Masacusat ta yi ta tsawaita izinin wucin-gadi, na baya-bayan nan a Maris 2025 zuwa ƙarshen Yuni 2027. Kalifoniya ta bi abin daki-daki. Dokar 2021 ta ce in kafar da jama'a ke bi ta yanke, majalisa ba za ta zartar da kome ba sai an gyara. Ta 2022 ta bambanta kansila da talaka: dole adadin kansilolin da ake bukata don zama ya halatta su kasance a zaure ɗaya, wanda zai shigo daga nesa sai da uzuri karɓaɓɓe kamar rashin lafiya ko renon yaro, da kyamararsa a buɗe, kuma sai ya faɗi ko akwai wani baligi tare da shi a ɗakin. Hikimar wannan a fili take, wato sauƙin na jama'a ne, wanda aka zaɓa kuwa ya zo ya fuskanci waɗanda suka zaɓe shi. A Oktoba 2025 Gwamna Newsom ya sa hannu a kan wani babban gyara ga Dokar Brown, wanda ya ce daga 1 ga Yuli 2026 majalisun garuruwa da gundumomi masu mutum 30,000 ko fiye dole su ba jama'a hanyar saurare da yin magana daga nesa, ta tarho ko ta bidiyo. Idan kafar ta lalace ana cikin zama, sai a dakata a yi ƙoƙarin gyara har tsawon awa guda kafin a yi maganar ci gaba. Birane irin su San Faransisko da suka rufe kafar a 2023 suna cikin waɗanda wannan sharaɗi ya hau kansu.